Abin da Akuna Ya Faɗa wa Baba

Kawuna ne ya kawo akun daga kudu, a motar da ta kai busasshen kifi. Toka-toka ne, wutsiyarsa ja, farce ɗaya a karye. Kowa a gidanmu na Wara ya sha cizonsa sai ni. In na zo da gyaɗa yakan sunkuyar da kai in sosa masa ƙeya.

Shekarar da aka rufe makarantun kwana saboda 'yan bindiga, na dawo gida da akwatina. Da aka sake buɗewa ƙawayena suka koma, Baba bai ce in koma ba. Ni kuwa ban taɓa iya haɗa ido da shi ba. Sai na riƙa zama bayan banda, inda Inna ke ƙyafe kifi, kejin akun a gefena, ina gwada maganar a hankali: "Baba, ina son in koma makaranta." Na yi ta maimaitawa har damina ta wuce. Akun yana karkata kai yana kallon bakina.

Wata safiya Baba na ɗinkin komar kamun kifi a tsakar gida, zare a haƙoransa, sai muryata ta fito daga kejin. Har rawar da take yi wajen "koma" akun ya ɗauko.

Baba ya ajiye allura. Ya dube ni, ba da faɗa ba.

"Ɗiyata, ke kika koya mishi? In maganarki ce, faɗi da bakinki in ji."

Inna ta daina juya kifi. Ina kallon wata tururuwa tana jan ƙaya a bakin tabarma.

"Ba ni ba ce," na ce.

Ya jira. Na san jira yake, don bai ɗauki allurar ba. Can ya ce, "To, tsuntsu dai ba shi zuwa aji." Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Akun bai daina ba. Safe da yamma yana roƙo da muryata, har maƙwabta suka fara leƙe ta kan danga suna tambayar Baba yaushe za a sayo wa aku littafi. Ranar kasuwa Baba ya ba wani mai kwalekwale kejin, aka haye da shi tsallaken ruwa. Ban raka su bakin gaɓa ba.

Daga baya mai kwalekwalen ya gaya wa Inna cewa akun ya tsige gashin ƙirjinsa duka, ba ya karɓar gyaɗa a hannun kowa, kuma ya daina magana.

Akwatina yana ɗakin Inna. Ta fitar da littattafan ta jera a kan taga, ta zuba gero a cikin akwatin saboda ɓera.