Shekarar da Takin Birni Ya Sauka a Gonar Ƙanena

Mu mutanen karkarar arewacin Kano da sharar birni muke noma. Wanda bai sani ba yana iya yin dariya, amma haka muka taso muka tarar. Gonakinmu a matse suke, ba mu da sararin barin wata ta huta, kowace shekara gero da dawa da wake a wuri ɗaya. Saboda haka da rani sai mu labta wa jakuna kara ko harawa mu shiga birni, in mun sauke mu ciko mangala da taki mu dawo. Mu zuba shi tsibi-tsibi a gona, mu jira ruwa.

Kowane gida da unguwar da yake ɗiba. Mahaifinmu ya bar mana wata unguwa a cikin tsohon birni, inda wata Hajiya mai kiwon tumaki take. Jujin bayan gidanta toka ce da kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ɓuntu, baƙi ƙirin, in ka danƙa a hannu kamar garin kuka. Ba ta barin kowa ya taɓa shi sai mu. Mu kuma in kaka ta yi, mukan kai mata sabon gero ta ɗanɗana. Ba ciniki ba ne, zumunci ne da ya girme ni.

Da mahaifinmu ya rasu aka zo rabon gado, ni ne babba, aka ce in fara zaɓa. Na ɗauki gonar ciki, wadda ke ƙarƙashin ɗorawoyi, ƙasa mai laushi da ta sha takin Hajiya shekara da shekaru. Na ɗauki jakunan da unguwar Hajiya ma. Ƙanena ya tashi da gonar bakin titin da ya nufi Bici, rairayi tsantsa, ba abin da take fitarwa da kyau sai wuta-wuta da ƙarangiya. Ya karɓa haka nan. Shi mutum ne mai shiru-shiru, irin wanda in ka ba shi ƙashi a cikin miya zai yi maka godiya.

Sai ga shekarar da rediyo ya fara cika mana kunne cewa za a kawo gagarumar gasar ƙwallo, 'yan wasa daga ƙasashen waje za su sauka a Kano. Aka ce za a gyara titi, za a gyara fitilu, kowa zai ci arziki. Ni ban damu da ƙwallo ba, ban taɓa fahimtar dalilin da zai sa ƙarti su bi abu ɗaya da gudu a cikin rana ba. Na ɗauka abin na mutanen birni ne, ba ruwana.

Ashe da ruwana. Wata safiya da bazara na kora jakuna kamar kullum, ina isa bakin gari wasu masu kaki suka tare ni. Suka ce an hana jaki shiga birni har sai baƙi sun tafi, wai kada Turawa su gani. Na ce jakunan nan sun fi su sanin lungunan birni, ba su yi dariya ba. Na juyo da karana. Kashegari na hau mota na je unguwar Hajiya don in roƙe ta ta ajiye mini jujin. Na tarar da wurin an share shi tas, an shafa wa bangon farar ƙasa, har an dasa wasu furanni da ko akuya ba za ta kalla ba. Hajiya ta ce motocin gwamnati ne suka zo suka kwashe, ta yi magana ba wanda ya saurare ta. Takin shekara guda ya tafi, ga damina ta ƙarato.

Inda ya tafi kuwa ban daɗe ban gani ba. Tifofin da ke kwashe sharar birni suna neman inda za su juye, direbobin ba sa son nisa, ba sa kuma son sauka daga kwalta. Ƙanena ya tsaya a bakin gonarsa da ƙwaryar fura, ya ɗaga wa ɗaya hannu. Shi ke nan. Wannan ya gaya wa wancan, tifofi suka mayar da gonarsa zango. Abin da jakunana za su yi rani uku suna jido, mota ɗaya take zubarwa kafin direba ya gama shan fura. Na lallaɓa na tare wani direba na ce ya shigo tawa. Ya leƙa burtalin da ke kai wa gonata, siririyar hanya tsakanin shinge biyu, ya ce ko amalanke sai an yi mata addu'a.

Ba zan ɓoye ba, hassada ta kama ni. In na bi ta titin sai in rage tafiya, in kalli tsibin nan ya yi tudu ya fi katangar masallacinmu. Akwai leda da gwangwani da fasassun kwalabe a ciki, amma a ƙarƙashinsu ga baƙin nan da na sani. Wani lokaci har in ce a raina wannan tokar Hajiya ce, tawa ce, kuskuren hanya ta yi. Ranar da wani direba ya ba ƙanena tikiti ya je ya kalli wasa, ya dawo da hular hana-salla mai rubutun Turanci, yana ba da labarin ciyawar filin da ake shayarwa da famfo, sai na tashi daga majalisa na ce ciki ke damuna.

Matata ta ce in je in tambaye shi mana, ai ɗan'uwana ne, kuma tsibin ya fi ƙarfin gonarsa. Na ce mata a ina ta taɓa jin wa ya je ƙofar ƙanensa roƙon shara? Shi ya kamata ya zo ya yi mini tayi. Na zauna ina jira. Da na ga bai zo ba, sai bakina ya fara aiki. Duk inda aka zauna sai in ce wannan ba taki ba ne, ƙazantar birni ce, leda za ta shaƙe ƙasar, kwalba za ta yanke ƙafafun 'ya'yansa, ni ko kyauta aka ba ni ba zan zuba a gonar ubana ba. Na faɗa a majalisa, na faɗa a bakin rijiya, na faɗa a wurin suna. Har na fara jin daɗin faɗar.

Shi kuwa da iyalinsa suna can suna tsince kwalabe da ƙarafa, suna baza sauran. Da hadarin farko ya haɗu, ruwa ya sauka, na duba gonata ba tsibi ko ɗaya, sai girman kai ya sauka shi ma. Na kora jakuna da mangala na nufi bakin titi. Na tarar da shanun huɗa sun riga ni, sun juya komai cikin ƙasa. Inda tudun nan yake, sai kunyoyi baƙaƙe a jere.

Ya taso da sauri ya durƙusa ya gaishe ni. Ya kalli jakunan, ya kalli mangalolin da ba komai a ciki.

"Yaya, da taki ka zo ɗiba?"

Na ce wucewa nake yi.

"Wallahi sau biyu ina ware maka gefe guda," in ji shi. "To, sai na ji abin da kake faɗa a gari, na ji kunyar in kawo maka abin da ka ce ƙazanta ne."

Na ce ba komai, Allah ya ba da damina mai albarka. Ya ce amin.

Baƙi suka buga ƙwallonsu suka tafi, ban ma san wanda ya ci ba. Fitilun da aka gyara suka mutu, furannin unguwar Hajiya suka bushe, aka sake barin jakuna su shiga birni bayan lokacin zuba taki ya wuce. Geron ƙanena ya tashi kore shar, ya fi mutum tsawo, masu mota suna rage gudu suna nunawa. Nawa ya tsaya iya ƙugu, ganyen rawaya-rawaya. Rabon da na samu daga gasar shi ne leda. Ita ba ta da nauyi, duk iskar hadari sai ta ɗebo ta daga gonarsa ta rataye mini a shinge da rassan ɗorawa. Na yi damina ina tsinta.

Da kaka ya aiko a ara masa jakunana, nasa amfanin ya fi ƙarfin kai. Na ba shi. Da yamma suka dawo mini da dammunan gero a bayansu, zangarniya kamar damtsen mutum, ya ce na yara ne. Na so in mayar, matata ta kalli rumbunmu ta kalle ni, na sauke dammunan.

Saura geron Hajiya. Na zazzage nawa na duba, ƙwayar ƙanana, rabi ƙaiƙayi, ba abin da za a kai wa mutuniyar arziki ba ne. Na sa aka sussuka daga na ƙanena, na ɗaura a jaki na shiga birni. Ta zuba hannu a buhun, ta ɗebo ta kai kusa da ido, ta daɗe tana murzawa.

"Ikon Allah," ta ce. "Ni ina nan ina ta tausayinka an kwashe maka taki. Ko zamanin mahaifinka gonar nan ba ta taɓa ba da gero irin wannan ba."

Na ce alhamdu lillahi. Na ɗauki mangala na zagaya bayan gida, inda sabon juji ya fara taruwa, bai kai cikin kwando biyu ba.