Direban da Tari Ke Firgitawa

A ɗakin kwanan direbobi na unguwar Mesaimeer an san Ɗantala da abu ɗaya: ba ya jin tari ya ƙyale. Mutum ya yi atishawa, ya miƙo masa citta da lambar asibiti. Wasu na cewa tsoro ne, wasu na cewa son a ce masa mai kula ne. Duk ba su canka ba. A shekarar korona, Gariba, mutumin Kumasi da ke kwana a gadon samansa, ya yi ta cewa mura ce kawai, har ranar da aka fitar da shi bai dawo ba. Tun daga nan Ɗantala ya daina yarda da kalmar "kawai".

Lokacin gasar cin kofin duniya kamfani ya haɗa shi da wani dattijo ɗan Mekziko da 'yarsa Rosiyo. Ran wasan ƙasarsu ya ɗauko su daga otal a unguwar West Bay, tsohon na ta waƙa a baya. Can waƙar ta koma tari, ya dafe ƙirji, fuska ta yi ja. Rosiyo ta ce ba komai, a wuce filin wasa. Ɗantala ya duba madubi, ya ga mutum zai mutu masa a mota. Bai nemi izinin kowa ba ya karya kan mota zuwa asibiti, ita kuwa tana ta faɗa da harsuna biyu.

Ya zauna a barandar asibitin yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Da suka fito, tsohon ne a gaba, yana gyara ƙatuwar malafarsa. Likita ya ce zuciya lafiya lau; kwana da kwanaki yana ihu a titi, ga sanyin na'ura, maƙogwaro ne ya gaji.

Dattijon ya nuna shi da yatsa. "Exagerado," in ji shi, muryar a dishe.

Ɗantala ya tambaya ko zagi ne. Rosiyo, da fushinta ya riga ya sauka, ta bayyana masa da Turancin da ya haɗa su cewa a Sifaniyanci haka ake ce wa mai kambama ƙaramin abu. Ana faɗarsa da faɗa, ana faɗarsa da wasa. Ta ce marigayiya babarta ma haka baban ke kiranta kullum in ta matsa masa ya ga likita, sai dai ita mace ce, exagerada.

"To Baba, na karɓa," in ji Ɗantala. "Gara a kira ni haka sau dubu. Yalla, mu tafi."

Sun tarar an tafi hutun rabin lokaci. Ya sauke su, ya samu inuwa ya kashe mota, sai a lokacin ya ji yunwa ta kama shi.