Waƙar da na sata a bakin mahaifiyata

Shekarun baya, ina 'yar shekara goma sha uku, muna zaune a Obiagu cikin Inugu, inda aka haife ni. Yayana, ɗan farin mahaifiyata, yana taya babanmu sayar da wake a kasuwar Ogbete. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ko kallon kirki ba ta yi masa a gaban mutane. Alkunyar ɗan fari ce, amma ni da wautata na ɗauka ni kaɗai take so, har gori nake yi masa.

Ranar da rikicin nan na kafin yaƙin basasa ya ɓarke, muka gudu tashar jirgin ƙasa da kayan jikinmu. Babanmu ya iske mu, yayana bai zo ba. Wani mutum da ke rubuta waɗanda suka ɓace ya tambaye ta sunan ɗanta. Ta buɗe baki, ta rufe, ta sunkuyar da kai. Ni na faɗa masa, raina a ɓace. Har muka isa Kano ban kula ta ba.

Mun sauka gidan kawuna. Kullum da hantsi sai ta durƙusa gaban dutsen niƙa tana waƙa ƙasa-ƙasa. Da na kasa kunne, ashe yayana take yi wa. Babu suna a ciki, sai dogon nan mai son ƙanzo, wanda ya faɗo daga bishiyar mangwaro ta goya shi har asibiti, ƙafafunsa na jan ƙasa. Na riƙa laɓewa bayan zana ina rubutawa a littafin makaranta, da rubutuna mai kama da tafiyar kaza. Na ji kunyar fushin da na yi da ita ƙwarai.

Bayan wata huɗu sai ga yayana ya yi sallama, ya rame ya yi baƙi. Wata 'yar Ibo mai sayar da manja kusa da rumfarmu ce ta ɓoye shi. Mahaifiyata ta dube shi sau ɗaya, ta ce, "A ba shi ruwa," ta shige ɗaki. Na ga jikinsa ya yi sanyi.

Na ja shi zaure na karanta masa waƙar duka.

"Inna ce ta faɗi wannan?"

Na ce ita ce. Ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaro. Da ta ji abin da na yi, ta biyo ni da muciya tana kirana marar kunya, amma ba ta yaga littafin ba.

Idan ana tambayata me ya sa ni rubutu, nakan kawo manyan dalilai don in burge. Gaskiyar ita ce, mutanenmu suna da ƙaunar da bakinsu ba ya iya faɗa, ni kuwa ban iya ganinta in yi shiru ba.

Da mahaifiyata ta rasu, yayana bai nemi ko tsinke cikin kayanta ba. Littafin kawai ya ce in ba shi. Yana wurinsa har yau, ni da na rubuta ma sai na roƙa yake bari in taɓa.