Man Kaɗe a Tayar Hagu

Da na watsar da makaranta, ba abin da na zauna wa. Na yi kabu-kabu a Ƙauran Namoda, na taɓa faci, na bari. Kawu ya gaji da ni, ya damƙa mini kurar shanunsa, wai ko ita ta zaunar da ni. Shekarar da aka fara shari'a ke nan, kowace majalisa zancen yanke hannu ake yi.

Gab da kaka na canza boris ɗin tayar hagu, zoben ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansa. Da kaina na sayo sabo, na wanke gurbin da kananzir, na cusa jan giris da yatsa har ya fito ta baya, na ɗaure noti na ɗan sassauta. In ka juya tayar, shiru kake ji.

Sai wani dattijo maƙwabcinmu, Baba muke ce mishi, ya zo aro zai kwaso gero daga Birnin Tsaba. Tashi kurar ta daɗe jingine a kan dutse, ƙafa ɗaya. A garinmu ba a hana aron kura da kaka, ba a kuma duba ta a gaban wanda ya maido, cin fuska ne.

Ya maido, ya yi godiya. Ina jan shanu na ji tayar hagu na gurnani. Na bari ya sha kwana, na sa sifana. Ko ɗigon jan giris babu. Man kaɗe ne cunkushe, boris kuma ya ci, yana kaɗawa a hannu.

Na kai wa Kawu, na ce Baba ya musanya mana. Ya juya abin a tafinsa, ya tambaya ko na sa wa nawa alama. Ban sa ba.

"To kalmar sata da ka bakinka, bana ba wasa ba ta," in ji shi. "In ta fita, gaban alƙali za ta tsaya. Kana rantsuwa a kan hannunai?"

Na karɓi boris ɗin na fita.

Washegari Baba ya tare ni, ba wanda ya tambaye shi, ya ce ai da ya ƙetare gulbi yashi ya shiga tayar, shi ne ya buɗe ya wanke, ya sa man matarsa. Yashi kam yana cin boris a tafiya ɗaya, na sani. Amma ranar kasuwar Shinkafi sai ga kurarsa a hanya, ƙafa biyu, ba ko ƙara.

Abin ya hana ni sakat. Ran nan ya ajiye ta bakin masallaci, na tsuguna ina lakatar bakin noti ko zan ga ja. Ƙasa ce kawai da baƙin dauɗa. Ina ɗagowa na gan shi a kaina yana sa takalmi.

"Ɗana, in kana da sifana kusa, buɗe mu gani."

Tana aljihuna. Mutane na fitowa daga salla, wasu har sun tsaya. Na dubi hannun da yake jan carbi da shi, na ce a'a Baba, lafiya lau take, na goge yatsana a wando.

Tun ranar, duk boris ɗin da zan sa sai na karce shi da zarto, na yi mishi alama tukuna.