Yadda Kawu Direba Ya Kamu da Faifan Garmaho

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa babbar motar kwashe kayan masu tashi daga gida. Kowa Direba yake ce masa, har matarsa in ya ɓata mata rai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son hayaniya. In ka shiga gaban motarsa, daga ƙarar inji sai labarai a rediyo, su ma ana gamawa zai murɗe. Cewa yake kiɗa na hana shi jin abin da mota ke gaya masa. Har ya haura arba'in da biyar ban taɓa ganin ya kaɗa ko da yatsan ƙafa saboda wani kiɗa ba.

A gidansa na zauna lokacin da nake koyon aikin jinya, don haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi. Sauran daga bakinsa na ji, ba sau ɗaya ba kuma ba sau goma ba.

Wata Asabar aka kira shi ya kwashe kayan wata tsohuwar malamar makaranta. Mijinta ya rasu, gidan ya yi mata girma, gwiwa kuma ta daina yarda da hawa bene, za ta koma wajen 'yarta. An loda gadaje, an loda kujeru da littattafai, sai aka zo kan wasu kwalaye huɗu a ƙarƙashin matakala. Dogo, abokin aikin Kawu mai ɗaukar kaya, ya sunkuya ya ɗaga ɗaya, ya dire shi da sauri.

"Kai! Duwatsu aka zuba a ciki?"

'Yar Malama ta ce, "Ku bar su nan. Faya-fayan garmahon Baba ne. Ba ni da wurin ajiye su, garmahon ma ya daɗe da mutuwa."

Malama ta matso. Ta dafa sandarta tana kallon kwalayen. Kawu ya ce wannan kallon ne ya hana shi sakat, irin kallon da ake yi wa ɗan'uwan da za a bari a tasha.

"Malama, in ba damuwa, ni ina da wuri," in ji shi. Wuri kuwa babu, ɗaki biyu ne da falo.

"Kana jin kiɗa ne, Direba?"

"A'a, Malama."

Ta yi dariya. "To, ka ɗauka. Amma kada ka kwantar da su, a tsaye suke so. Kuma kada ka bari rana ta gan su."

Matar Kawu, wadda muke ce wa Inna, tela ce, kekenta na ɗinki a falo yake. Da aka shigo da kwalayen ta zaro ɗaya, ta juya shi gaba da baya, ta leƙa mu ta ramin tsakiyarsa.

"Faifai aka ce? Wane irin faifai ne wannan, ga shi baƙi, ga huda?"

Aka tura su ƙarƙashin gado, a tsaye kamar yadda aka ce, suka yi wata huɗu ba wanda ya waiwaye su. Ran nan Inna ta nemi murfin tukunya ta rasa, sai ta tuna. Ta zaro ɗaya ta rufe miya mai zafi da shi. Kafin Kawu ya dawo, faifan ya lanƙwashe kamar kunnen akuya.

Kawu ya daɗe riƙe da shi. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne.

"Amana ce fa aka ba ni," ya ce.

"Amanar da ke kwance ƙarƙashin gado tana shan ƙura? Malam, in abin ji ne, ka ji shi. In kuma abin rufe kwano ne, ka bar mini kayana."

Washegari ya nufi shagon wani mai gyaran rediyo da ake kira Injiniya. Shago ne da sai ka yi gefe-gefe kake shiga, saboda gawarwakin talabijin da aka jibge har rufi. Injiniya ya tona can ƙasa ya fito da wani garmaho na lantarki wanda mai shi ya kawo gyara ya manta shekara da shekaru. Ya ce komai zai tashi, allura ce kawai babu. Da Kawu ya kawo wannan labari gida, Inna ta jawo aljihun kekenta.

"Allura ce matsala? Ga su nan, manya da ƙanana. Ka kai masa ya zaɓa."

Kawu kuwa ya kai. An ce Injiniya ya dafe kai da hannu biyu ya ce a mayar wa Inna kayanta tun kafin faya-fayan su gani su firgita. Sai da aka yi mako uku kafin a samo ta gaske, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar yashi.

Ranar Lahadi da la'asar aka kunna. Kawu ya zaro faifan da hannunsa ya fara kaiwa, mai hoton wani dattijo rungume da jita. Da farko ba abin da muka ji sai ƙaf-ƙaf-ƙaf, kamar yayyafi a kan rufin kwano. Inna ta buɗe baki za ta yi magana ke nan, sai jita ta shigo. Tsirkiya ɗaya ce aka ja, ta miƙe, ta lanƙwasa, ta yi wani irin kuka. Sannan muryar dattijon ta biyo baya, mai kauri, a dishe, ba ta sauri.

Kawu yana tsaye da makullin mota a hannu. Bai zauna ba har allura ta kai ƙarshe. Turancinsa bai wuce na karanta allon hanya ba, don haka ba abin da ya fahimta a waƙar.

"Mutumin nan da kaya yake hawa tudu," ya ce a hankali. "A giya ta ɗaya yake." Ya dube ni. "'Yata, yaya ake mayar da shi farko?"

Sau biyar muka ji shi ranar.

Injiniya ne ya koya masa sunayen kiɗe-kiɗen: wannan bulus, wannan sol, wancan rok. Kawu ya dawo gida da sunayen a baki. Bulus ya ce kaza, Bulus ya fi shiga rai, yau da Bulus na tashi. Inna ta yi haƙuri mako guda, sannan ta tsayar da keke.

"Wai wane ne Bulus ɗin nan da kullum sai an ambace shi a gidan nan? In abokinka ne ka kawo shi mu gaisa mana, ya ci abinci."

Na yi dariya har na ƙware. Har yau in za a sa irin wannan faifan, cewa ake yi a kira Bulus.

Sol bai ba shi wahala ba, ya ce shimfiɗaɗɗiyar kwalta ce da sanyin safiya. Rok ne suka daɗe ba su shirya ba. Ya sa ɗaya, bai yi minti guda ba ya ɗage allura. "Waɗannan kiɗa suke yi, ko faɗa suke da jitar?" Sai ranar da Dogo ya zo gaisuwa aka sa masa don a tsokane shi. Ganga na bugawa Dogo ya miƙe, mutum mai jikoki, ya shiga tsalle yana wurgi da hannuwa, har ya doki fankar sama ta karkace. Kawu ya bi shi da kallo, ya gyaɗa kai.

"Yanzu na gane. Kiɗan ɗaukar kaya ne."

Daga nan abin ya zama ciwo, aikinsa kuma ya taimaka wa ciwon. Duk gidan da ya je kwashe kaya, in an kusa gamawa zai cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, ko akwai tsofaffin faya-fayai da ba a so?" Mutane har godiya suke masa, don ba mai son ɗaukar nauyi zuwa sabon gida. Ya samo a ɗakin ajiyar wani likita, ya samo a wani otal da aka rufe, ya samo wajen wani tsohon mai hoto wanda sai da ya sa shi ya rantse zai riƙa goge su. Wasu sun yi fumfuna, wasu ɓera ya ci kwalinsu. Yakan wanke su da ruwan sanyi da ɗigon sabulu, ya tsane da ƙyalle mai laushi, ya jera su a inuwa. Waɗanda ba su da riga, Inna ta ɗinka musu da ragowar yadi, tana yi tana mita. A cikin kwalin wasu yakan tarar da wasiƙa, ko hoto, ko busasshen fure. Waɗannan in ya san gidan, sai ya mayar.

Kuma bai yarda faifai ya hau bayan mota ba. A kujerar gaba yake ajiye su, ya ɗaura musu bel. Dogo ne ke komawa baya cikin katifu.

"Shekara ashirin ina zama a kujerar nan," in ji Dogo, "yau roba ta ƙwace mini."

Da suka fi ƙarfin ƙarƙashin gado, aka kira kafinta ya yi kanta daga wannan kusurwa ta falo zuwa waccan. Inna ta ce ba a isa ba sai an bar mata layi biyu na ƙasa don yadikanta. Aka bar mata. A bakinta dai duk abin shirme ne. Amma wata Talata na dawo daga asibiti da wuri, tun daga ƙofar gida na jiyo muryar wata mata tana tashi sama, ƙahonni na amsa mata. Na leƙa falo. Inna ce a kan keke, ƙafarta na taka feda daidai da ganga, kafaɗu na rawa, tana bin waƙar da Turancin da ita kaɗai ta san ma'anarsa. Tana ganina ta daskare.

"Ƙura nake goge masa, ya kunna kansa."

"To, Inna."

"In kika gaya wa kawunki, ni da ke ne."

Ban gaya masa ba, ashe ya riga ya sani, domin kullum a cikin 'yan rok take mayar da faifan, alhali na sol ne. Sai ya riƙa ajiye shi a bakin kanta, daidai inda hannunta ke kaiwa ba tare da ta tashi ba.

Bayan shekara biyu ya ce lokaci ya yi da zai je ya gaya wa Malama halin da kayanta ke ciki. Ya ɗauki garmaho da faifai goma, na raka shi. Muka same ta a kujera bakin taga, ta rame, amma idonta na nan da kaifinsa. Kawu ya fara da ba ta haƙuri a kan wanda ya mutu a bakin tukunya. Ta tambayi launin kwalinsa, ya faɗa, ta ce, "Madalla. Dama ban taɓa son wannan ba."

Aka sa mata na sol. Ta lumshe ido, ta ce da wannan ita da marigayi suke ture kujeru gefe su yi rawa in yara sun yi barci. 'Yarta, da ke tsaye bakin ƙofa, ta ce, "Ku? Ke da Baba?" Malama ta ce, "Da kina tsammanin da sanda aka haife mu?"

Sannan Kawu ya sa faifan dattijon nan mai jita. Ya ce shi a ransa ya yanke cewa mahaifiyar mutumin ce ta rasu, amma yana so a fassara masa. Malama ta kasa kunne. Can sai kafaɗunta suka fara girgiza.

"Direba, ba wanda ya mutu. Motarsa ce ta ƙi tashi da safe. Ya roƙi maƙwabci ya tura masa ya ƙi, matarsa kuma tana tsaye a taga tana masa dariya."

Kawu ya buga cinya.

"Wallahi na san ɗan'uwana ne! Batir ne, ko ba a faɗa ba."

Tun daga ranar, duk Lahadin farkon wata yana can da sababbin abin da ya samo. Ita ta fassara, shi ya rubuta a littafi da rubutunsa mai kama da sawun kaza. Shekara uku suka yi haka kafin Allah ya yi mata rasuwa. Bayan an share makoki 'yarta ta zo gida tana jin nauyi, ta tambaya ko za a iya ba ta wancan na rawar. Kawu ya ba ta, ya kuma sa Injiniya ya tono mata wani garmahon.

Yanzu Kawu ya ajiye tuƙi, baya ya ce ya isa. Faya-fayan sun haura dubu, layin yadin Inna ya koma ɗaya. Duk Asabar da yamma falon cike yake: Injiniya, Dogo, mai askin bakin layi, da wani likitan haƙori da ya zo karɓar ɗinkin matarsa ya ji kiɗa ya zauna. Doka ɗaya ce, ba a magana sai allura ta kai ƙarshe. Dogo ne ke karya ta kowane mako.

Bana kuma ya sayo tsohuwar jita, mai aski na koya masa. Yatsun da suka shekara talatin a kan sitiyari ba sa lanƙwasuwa yadda ake so, in ya danna tsirkiya ɗaya sai biyu su amsa. Makon jiya na je na tarar yana fama a tsakar gida, gumi har wuya. Ya kammala abin da ya kira waƙa, ya ɗaga kai yana jiran hukunci.

Inna ta leƙo ta taga, allura a baki. Ta cire ta.

"Malam, wannan motar tura ta za a yi."

"Kafinta ma ya ce na fi wancan makon."

"Kafinta kurma ne a kunne ɗaya."

Kawu ya yi dariya, ya gyara zaman jitar a cinya, ya ce in matso kusa zai sake daga farko.