Baba Mai Sito Bai Jira Ranar Zama Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, sha huɗu ga watan jiya, ina ofis ina shirin ƙararka, babban ɗanka ya kira ni ya ce Allah Ya yi maka rasuwa.

Baba, ni lauyanka ne, amma tun kafin in san doka na san ka a bakin sito. Duk wanda ya kawo ajiya, sai ka zagaye kayansa da alli a ƙasa, ka ce ko tsintsiya ba ta tsallake wannan zanen. Shekarar da ruwa ya shiga siton, buhunan mutane ka jibge a kan gadonka, kai ka koma tabarma. Hajiya ta daɗe tana tsokanar ka, wai ita dai mai gadin buhuna ta aura.

Kwatsam sai ga wani ɗan kasuwa ya kai ka kotu, ya ce kekunan ɗinkin da ya ajiye sun yi ɓatan dabo a hannunka. Ka ce direbansa ne ya zo ya kwashe su da saƙonsa. Amma direban ya bar gari, an neme shi sama ko ƙasa ba a samu ba, kotu kuwa ba ta aiki da "kowa ya san halina". Aka yanke hukunci cewa ka yi sakaci da amana. Daga nan mutane suka riƙa zuwa suna janye kayansu, kawunansu a sunkuye. Wata rana na leƙa, na tarar da kai tsaye a tsakiyar sito, zanen alli ko'ina, babu komai a cikinsa.

Muka ɗaukaka ƙara. Ana gab da zama, direban ya dawo, ya ce zai faɗi gaskiya. Na yi maka bayani cewa babbar kotu ba ta cika karɓar sabuwar shaida ba, sai an gamsar da ita cewa an nema tun farko ba a samu ba. Dabarata ita ce mu yi gum sai ranar zama, don kada a bi ta bayan gida a saye direban.

Ka ce, "A'a, ɗana. A sanar da ɗan kasuwan yau. Ya ji abin da za a faɗa, ya shirya amsarsa. Ni an yanke mini hukunci ba a ji shaidata ba, na san zafin abin."

Na ce lauyoyinsa za su nemi a ɗage zaman. Ka yi murmushi ka ce, "Su nema mana. Gaskiya ba ta ruɓewa a ajiya."

Suka nema, aka ba su. A cikin wannan ɗagewar ka tafi.

Ba zan ɓoye ba, Baba, na ji haushinka, har yanzu ma da saura. Ba dukiya kake nema ba, so kake ka ji da kunnenka an ce ba ka ci amana ba. Kullum ina juya abin a raina: da ka bar ni na bi dabarata, wataƙila da ka ji.

Jiya aka zauna, babban ɗanka ya tsaya a madadinka. Alƙalai suka saurari direban. Suka ce abin da ya kwantar musu da hankali shi ne an ba ɗaya ɓangaren cikakkiyar damar amsawa, kuma bai zo da komai ba. Suka soke hukuncin farko. Ban san lokacin da na waiwaya bencin baya ba, inda ka saba zama da sandarka tsakanin gwiwoyi. Wani baƙo ne a wurin, yana jiran tasa ƙarar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da 'ya'ya da jikoki. Allah Ya ba ku haƙuri da juriya. Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka. A nan shaidarka ta iso bayan ka wuce. Allah Ya sa ka tarar da ita tana jiran ka a can, inda ba a ɗage zama.