Fankar Ɗakin Baba Tsoho

Ranar da Baba Tsoho ya rasu babu wuta a unguwarmu ta Nima. Bazabarme ne mai sayar da albasa, ya daɗe yana haya a gidanmu. Da aka dawo daga maƙabarta Gwaggo, mai gidan, ta sa wa ɗakinsa kwaɗo, ta kai wa liman makullin. Haka ake yi a nan: ɗakin baƙo ba ya buɗuwa sai magadansa sun iso.

Da wuta ta dawo sai muka ji fanka tana juyawa a ciki. Ashe a kunne ya bar ta. Muka yi ta ji har muka saba.

Bayan wata biyu ma'aikacin lantarki ya zo da rana tsaka, za a raba wa kowane ɗaki mitarsa. Ni na yi sakandare, ni aka tura in cike masa takarda. Ya ce kowane ɗaki sai an bayyana mai amfani da wutarsa da kayan da ke ciki, in aka samu ƙarya a yanke wa gidan gaba ɗaya.

Na ce, "Wancan ɗakin ba kowa."

Ya kara kunne a ƙofar. "Ba kowa, wa fanka take yi wa fifita?"

Gwaggo ta ce, "To, ɗana, rubuta mai ɗakin."

"Hajiya, a wurinmu mai amfani da wuta shi ne mai rai, wanda zai sa hannu, in an kira ya amsa."

"A cire wayar ɗakin mana."

"Daga ciki ta bi. Ku buɗe."

Gwaggo ta ce ko za a kwana a duhu shekara ba za ta taɓa kwaɗon amana ba. Matan gida duk suka juyo suna kallona, har mai sayar da ƙanƙara da firjinta ke ci da ita. Na karɓi biro. Mai amfani da wuta: ni. Kayan ɗaki: fanka ɗaya. Na sa hannu cewa gaskiya na faɗa.

Magada har yau shiru.

Juma'ar da ta wuce, maza sun tafi masallaci, ina shanya a tsakar gida, na ji fankar ta rage gudu, ƙas, kamar an murɗa. Sai rediyo ya kama a ɗakin, ana neman tasha a hankali.

Ban gaya wa Gwaggo ba. Na gama shanyar. Fanka kaɗai na rubuta, kuma in an kira, ni zan amsa.